Tarihin Ƙarin Jini da Ke Ɓacewa Tsakanin Asibitoci

Dacewar jini ba ta tsaya ga rukunan da Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901 ba, wato A da B da O, sai AB da ya biyo baya. A jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wasu tambura masu yawa da mutum ke gada daga iyayensa, irin su Rh da Kell da Duffy da kuma Kidd, wanda aka gano a 1951. Idan aka ƙara wa mutum jini mai tambarin da ba shi da shi, ko mace ta ɗauki cikin ɗan da ya gaji tambarin mahaifinsa, garkuwar jiki tana iya ƙera sinadarin da zai yaƙi wannan baƙo.

Sinadarin ba ya daɗewa a fili. Bayan watanni ko shekaru yakan ragu har gwaji ya kasa ganinsa, musamman na Kidd, alhali jiki bai manta ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai haɗa jinin majinyaci da na wanda ya bayar, ya ga babu matsala, a ɗaura leda, a sallami mutum. Daga kwana uku zuwa mako biyu sai zazzaɓi ya taso, idanu su yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, jinin da aka ƙara kuma ya narke. Ga mai sikila abin ya fi haɗari, domin alamun sun yi kama da tashin ciwonsa na yau da kullum. Ana iya ɗauka ciwon ne ya motsa a sake ƙara masa jini, wanda a wasu lokuta kan sa jiki ya far wa har nasa ƙwayoyin.

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, majinyaci ba ya zama a asibiti ɗaya. Yaron da aka fara ƙara wa jini a babban asibitin garinsu, baɗi yana iya kwanciya a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, wata shekarar kuma a kai shi Asibitin Malam Aminu Kano. Ko'ina da katinsa da lambarsa. Haka matar da ta yi zubar jini a haihuwar fari a Hunƙuyi, aure ko ƙaura suka kai ta wani gari kafin ta uku. Gwajin tantance wane sinadari ne a jini yana da tsada, kuma galibi sai a manyan asibitoci. Asara ce babba a sami sakamakonsa sau ɗaya sannan ya kwanta a fayil.

Ƙasar Holan ta magance wannan da rumbun bayanai mai suna TRIX tun 2007: duk ɗakin gwajin da ya gano sinadari sai ya shigar, sauran kuma su duba kafin su ba da jini. A Najeriya, dokar 2021 da ta kafa Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa ta samar da cibiyar da irin wannan aiki zai fi dacewa da ita.

Kafin a kai ga kwamfuta, ɗan katin da majinyaci zai riƙe, mai ɗauke da sunan sinadarin da ranar gwaji da asibitin da ya yi, zai rage haɗari sosai. Haka tambayar da ya kamata a yi kafin kowace leda: an taɓa ƙara jini, a ina, me ya biyo baya. Wahalar rumbun haɗin gwiwa a nan ita ce tantance mutum. Sunaye suna maimaituwa, mutane da dama ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, kuma liƙa wa wani tarihin wani haɗari ne na kansa. Dole a ɗaura kowane bayani a kan lamba ɗaya da ba ta canjawa, kamar ta katin ɗan ƙasa, da amincewar majinyaci, a kuma taƙaita dubawa ga likita da ma'aikacin ɗakin gwaji.