Kafin ka zuba Dala 300 a jarrabawar DevOps

Matasan Batsari da Safana ba za su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da gwamnatin Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga. Sai ka yi doguwar tafiya kafin ka tura saƙo ɗaya. Yau kuwa, daga waɗannan garuruwan, matashi zai iya neman satifiket ɗin DevOps, wato aikin ɗora manhaja a manyan rumbunan intanet irin na Amazon, da kula da ita kada ta tsaya.

To amma fa ɗan'uwa, kar ka yi gaggawa. Babbar jarrabawar DevOps ta AWS Dala 300 ce, tambayoyi 75 cikin awa uku. In ka faɗi, kuɗinka sun tafi.

Fara daga tushe: Linux, Git, sannan Docker. Bidiyo a waya ba zai wadatar ba, sai ka taɓa kwamfuta da hannunka. Akwai darussa kyauta a AWS Skill Builder, kuma shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa DevOps cikin kwasa-kwasansa. Gwada ƙarfinka da ƙaramar jarrabawar Cloud Practitioner ta Dala 100 tukuna.

Ranar jarrabawa kuma, kar ka dogara da sabis ɗin ƙauye. In a gida za ka rubuta, kyamara na kallonka har ƙarshe, yankewar intanet na iya ɓata komai. Gara ka shiga birni, ka zauna a cibiyar jarrabawa.