Daga Uromi Zuwa Rano: Tace Gaskiya Daga Jita-jita Kan Zaluncin Jami'an Tsaro

Cikin wata biyu na shekarar 2025 abubuwa biyu suka girgiza kudancin Kano. Ranar 27 ga Maris, ana cikin azumi, aka kashe matafiya 16 a garin Uromi na Jihar Edo. Mafarauta ne da suka taso daga Jihar Ribas za su gida yin ƙaramar Sallah, kuma da dama daga cikinsu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure. A ƙarshen watan Mayu kuma wani matashi ya mutu bayan 'yan sanda sun kama shi a Rano, jama'a suka fusata suka banka wa caji ofis wuta, DPO ɗin garin ya rasa ransa.

Mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam ba baƙin hanya ba ne. Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara shiga gonakin Kadawa a shekarun 1970, abincin yankin ya rataya a kan titi: tumatirin Kwanar Gafan sai ya ratsa jihohi kafin ya sauka a kasuwar Mile 12 ta Legas, shinkafar Kura ma haka. Gidan da babu direba ko yaron mota, da wuya a rasa ɗan ci-rani. Shi ya sa labarin shingen hanya da na caji ofis ba ya tsufa a majalisu, kuma a nan ne gaskiya ke cuɗanya da ƙari. Ga maganganu bakwai da aka fi ji, da abin da ya tabbata a kan kowace.

"'Yan sanda ne suka kashe mafarautan a Uromi"

Ba haka ba ne. 'Yan sintirin unguwa ne suka tare babbar motar da matafiyan ke ciki, suka ga bindigogin toka na farauta, suka yi kururuwar an kama masu garkuwa da mutane. Gungun mutanen gari suka taru suka yi aika-aikar. Rundunar 'yan sanda ta ce jami'anta sun ceci wasu daga cikin matafiyan, ta kuma sanar da kama mutum 14 a kwanakin farko. Gwamna Monday Okpebholo ya dakatar da kwamandan rundunar tsaron jihar, ya haramta ƙungiyoyin sintiri marasa rajista, sannan ya zo Kano ta'aziyya, inda shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je har Bunkure.

Wannan bai wanke hukuma ba. Tambayar da ta cancanci amsa ita ce: wa ya bar mutanen da ba su da rajista suna tare babbar hanyar tarayya suna binciken motoci? Ɗan sintiri, a Edo yake ko a Kano, iyakar hurumin da doka ta ba shi shi ne na kowane ɗan ƙasa: idan ya kama wanda yake zargi, ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba shi da ikon duka, balle yanke hukunci.

"Ibo ne suka yi kisan"

Ƙarya ce, kuma mai haɗari. Uromi ƙasar Esan ce, hedikwatar ƙaramar hukumar Esan ta Arewa maso Gabas. Harshen Esan ɗan'uwan harshen mutanen Benin ne, ba Ibo ba ne, kuma Edo ba ta cikin jihohi biyar na Kudu maso Gabas. Da yawa a nan Arewa duk wanda ya fito daga ƙetaren Kwara sunansa ɗaya a wurinsu, kamar yadda a can duk wanda ya fito daga Arewa ake kiransa da suna ɗaya. Da wannan jita-jita ta yi tasiri, da mai sayar da kayan gyaran injin ban-ruwa a Sabon Gari ne zai biya bashin da bai ci ba. Su kansu mutanen Esan ba dukkansu ne suka yi kisa ba. Waɗanda suka yi suna da sunaye da fuskoki, wasunsu ma bidiyo ya ɗauke su, kuma duk lokacin da aka ɗora laifin a kan ƙabila gaba ɗaya, su ne ke samun wurin ɓuya.

"Ƙabilanci ba shi da hannu, tsoron masu garkuwa ne kawai"

Rabin gaskiya. Yankin Esan ya sha fama da satar mutane don kuɗin fansa, tsoron da ke zukatan mazauna wurin ba na ƙirƙira ba ne. Amma abin da ya mai da mafarauci mai garkuwa a idon taron cikin 'yan mintoci shi ne kamanninsa da harshensa. An daɗe ana cusa wa mutane cewa matashin Arewa a bayan babbar mota maƙiyi ne.

Hukumomi ma sun faɗa wannan rami. A ƙarshen Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas sun tare mota ɗauke da matasa 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su, aka bincike su, ba a samu komai ba, aka sake su. Mafi muni shi ne abin da ya faru a unguwar Apo ta Abuja ranar 20 ga Satumban 2013, lokacin da sojoji da jami'an DSS suka buɗe wuta a wani kangon gini bisa zargin 'yan Boko Haram ne ke ciki. Mutum 8 suka mutu, akasarinsu 'yan Arewa masu tuƙa a-daidaita-sahu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bincika, a 2014 ta ce babu hujjar da ta nuna 'yan ta'adda ne, ta ba da umarnin diyyar naira miliyan 135. Sai a 2018 gwamnati ta biya.

Wannan cuta ba a Najeriya kaɗai take ba. A watan Fabrairun 1999 'yan sandan birnin New York huɗu suka harba harsashi 41 kan Amadou Diallo, Bafulatanin Gini ɗan tireda, a ƙofar gidan da yake haya. Jakar kuɗinsa ya ciro, suka ce sun zaci bindiga ce. Kotu ta wanke su a shekarar 2000.

"Katin ƙungiyar mafarauta ya isa lasisin bindiga"

Bai isa ba, kuma ya kamata kowane maharbi ya san haka kafin ya kama hanya. Dokar makamai ta Najeriya ta kasa bindigogi gida uku. Manyan makamai sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar, bindigar toka kuwa Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ne ke ba da izininta. Katin ƙungiya shaida ce ta sana'a kawai. Amma ko da mutum ba shi da takarda ko ɗaya, hukuncinsa na kotu ne. Babu dokar da ta halatta jininsa a bakin titi.

"Da ɗan sandan namu ne, da ba a zalunce mu ba"

Tarihi bai yarda ba. Kafin gwamnatin Gowon ta haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, ɗan doka ɗan gari ne, Hausa yake ji, masallaci ɗaya ake shiga da shi. Dattawan da suka yi NEPU sun san irin bulala da ɗaurin da suka sha a hannunsa. A Amurka ma, 'yan sanda biyar da aka tuhuma da dukan Tyre Nichols har ya mutu a birnin Memphis a 2023, baƙar fata ne kamar shi.

Abin da ya faru a Rano cikin gida ne, babu baƙon yare a ciki. 'Yan sanda sun ce sun kama matashin ne bisa zargin tuƙin ganganci da maye, jikinsa ya raunana, aka kai shi babban asibitin Rano, ya cika washegari. Mutanen gari suka ce duka ne ya kashe shi. Binciken likita ne da kotu za su raba wannan gardama. Amma da aka ƙona ofishin, aka raunata DPO ɗin, CSP Baba Ali, har ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sai mutumin da ya fi kowa cancantar amsa tambayoyi ya tafi da amsoshinsa. Aka kama mutum fiye da 20, labari ya koma kan kisan DPO, maganar matashin ta koma baya. Taron Rano da na Uromi hanya ɗaya suka bi: zargi, fushi, hukunci nan take.

Lokacin zanga-zangar EndSARS ta neman rusa sashen 'yan sanda na SARS a Oktoban 2020 an yi ta cewa zaluncin 'yan sanda matsalar Kudu ce. Ƙungiyar gwamnonin Arewa ma ta nuna rashin goyon bayanta ga rusa SARS, kuma Kano na cikin jihohin da ba su kafa kwamitin shari'a na sauraron koke-koken jama'a ba. Alhali a watan Fabrairun 2020 binciken BBC kan azabtarwa a wuraren tsaro ya kawo labarin wani matashi da ya mutu a 2014 bayan SARS ta tsare shi a nan Kano. Rashin kwamiti bai nuna babu masu kuka ba, wurin kai kukan ne ba a buɗe ba. A gida, abin da ke raba wanda za a mara da wanda za a ba kujera ya fi karkata ga aljihu da sanayya fiye da yare.

"Beli sai da kuɗi, kuma ana iya kama uba a madadin ɗa"

A aikace ana yi, a doka haramun ne. Belin caji ofis kyauta ne: mai tsayawa yana sa hannu ne kan adadin da zai biya idan wanda ya tsaya wa ya ƙi dawowa, ba a ajiye ko sisi a kanta. Mace ma tana da ikon tsayawa beli. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 36, ta hana kama wani a madadin wanda ake nema. Sashe na 32 kuma ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Wannan ya shafi manoman rani kai tsaye: kuɗin taki da aka ci bashi, jinginar gona, cikon kuɗin tumatir da ya maƙale a hannun dillali, duk shari'o'in kotu ne ko sulhun dagaci da shugabannin kasuwa. Wanda ya kai abokin cinikinsa caji ofis don a matsa masa ya biya, shi ma ya taimaka wajen koya wa ɗan sanda karɓar kamasho.

Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, ban da manyan laifukan da hukuncinsu kisa ne. Kura da Bunkure ba su da nisan da zai zama uzuri. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da mutum, ba ta karɓar uzurin cewa oga ne ya ba da umarni, kuma amsa laifin da aka tatsa da duka ba hujja ba ce a kotu.

"Ba a taɓa hukunta ɗan sanda a ƙasar nan ba"

An taɓa, sai dai jefi-jefi, kuma bayan doguwar wahala. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, akasarinsu 'yan kasuwa Ibo na Apo, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin bincike ya ƙaryata su, amma sai a Maris 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello ya yanke wa biyu hukuncin kisa, ya sallami uku, ciki har da babban jami'in da ke cikinsu. A Legas kuwa, ɗan sandan da ya harbe lauya Bolanle Raheem ranar Kirsimetin 2022 an yanke masa hukuncin kisa a Oktoban 2023, ƙasa da shekara guda. Bambancin shari'o'in biyu ya nuna abin da ke sa ƙara ta yi gudu: shaidu a tsaye, rahoton likita, da ƙungiyar lauyoyi da ta ƙi sakin maganar.

Ƙofofin kai ƙara suna nan: sashen karɓar koke na rundunar 'yan sanda da aka kafa a 2015, Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda mai ikon ladabtarwa da kora, ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Kano, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, da Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ga marasa hali. Ana kuma iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi kai tsaye a babbar kotu.

Duk waɗannan ƙofofin hujja suke tambaya, kuma a nan ne muka fi rauni. Mun saba gaggauta sutura, mu ce mun bar wa Allah, wanda ya ga abin da ya faru kuma ya ƙi zuwa kotu don tsoron abin da zai biyo baya. Gaggauta jana'iza bai hana a ɗauki hoton raunuka ba, bai hana a nemi likita ya duba ya rubuta ba. Sunan jami'i, lambar mota, ranar kamu da sa'arsa, wanda ya karɓi kuɗi da nawa ya karɓa, duk abubuwa ne da ɗalibin sakandare zai iya rubutawa. Ƙungiyoyin direbobi da na manoman rani da na mafarauta suna tara kuɗin mako. Da za su ware wani abu su riƙe lauya guda da za a kira da zarar an kama ɗansu, a Kura ne ko a hanyar Lokoja, da jami'in da ya saba ɗaga hannu ya fara lissafin abin da zai biyo baya.