Ko Kun Sani? Laka Tana Ajiye Tarihin Damina

Ko kun san cewa lakar da ke kwance a ƙasan tafki tana riƙe da labarin damina da fari na dubban shekaru? Kowace shekara ruwa da iska suna zuba sabon shimfiɗi a kan na bara: ƙurar hunturu, garin furen itatuwa da ɓawon ƙananan halittun ruwa. Masana sukan kafa dogon bututu su zaro lakar, su bi ta daki-daki. Da wannan dabara ake gano lokutan da ƙanƙarar kan Dutsen Kenya ta ƙaru ko ta ja da baya.

Mu nan Haɗeja ba mu da ƙanƙara, sai fadama da jigawa, amma maƙwabtanmu na Yobe suna da irin wannan taska. Lakar da aka haƙo a Kajemarum, cikin tuddan rairayin ƙasar Manga, ta kai shekara 5,500. Ta nuna cewa wajen shekara 4,100 da suka wuce ƙasar ta soma bushewa, kuma an yi wani dogon fari shekara 1,200 zuwa 1,000 baya. Ashe farin da ya faro a 1968, wanda dattawa ba su manta ba, ba shi ne farau ba.

Kafin wannan bushewa, Tafkin Chadi, inda ruwan Kogin Haɗeja ke nufa ta Kogin Yobe, ya taɓa mamaye kusan murabba'in kilomita 350,000. Wata shaidar wancan zamani mai yawan ruwa ita ce kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya gano a 1987 yana haƙar rijiya; ya kai kimanin shekara 8,000.