Jan Tumatir da Darasin Ɓerayen Gwaji

Jan launin nunannen tumatir sinadari ne da masana ke kira laikofin. Shi ne kuma ke rina cikin kankana da jar gwaiba. Yau an matse shi an zuba a ƙwayoyi, ana tallarsa da sunan maganin ciwon daji. Da yawa daga cikin hujjojin da masu tallar ke kafawa daga jikin dabbobi aka samo su, don haka ya kamata mu duba abin da dabbobin suka nuna.

Iskar da muke shaƙa tana raya mu, amma yayin da jiki ke ƙona abinci da ita, wasu ɓurɓushinta masu kaifi sukan kuɓuce su riƙa cin ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. A 1989 Helmut Sies da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa laikofin ya fi duk danginsa, har da sinadarin da ke ba karas launi, iya kashe kaifin wani nau'in wannan ɓurɓushi. Sai dai a kwalbar gwaji aka ga haka. Daga baya an ba ɓeraye guba mai lalata hanta ko ƙoda, aka kuma ga ɓarnar ta ragu a jikin waɗanda aka haɗa musu da laikofin.

Ta fuskar garkuwar jiki, bayanan ba su da yawa. A Japan, tsakiyar shekarun 1990, an ciyar da wani jinsin ɓeraye da ke yawan kamuwa da ƙarin mama da ɗan laikofin. Ƙarin ya ragu, an kuma ga sauyi a fararen ƙwayoyin jininsu masu tsaron jiki.

Gwajin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda masu bincike na jami'o'in Ilinoyi da Ohayo a Amurka suka wallafa a 2003. Sun ɗauki ɓeraye maza 194, suka ba su sinadarin da ke haddasa sankarar furosteti, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Wasu aka ba su abinci na yau da kullum, wasu aka ƙara musu tsantsar laikofin, wasu kuma garin busasshen tumatir, ɓawo da 'ya'ya da komai. Haɗarin mutuwa da cutar ya ragu da kashi 26 cikin ɗari a wurin masu cin garin tumatir. Masu cin tsantsar laikofin kuwa ba su samu wani bambanci na a-zo-a-gani ba, alhali laikofin ɗin da ke abincinsu ya ninka na garin tumatir sau da yawa. Ke nan akwai wasu abubuwa a cikin tumatir da ke aiki tare da shi. Abin da mai talla ba zai ambata ba kuma: ɓerayen da aka rage wa abinci da kashi 20 cikin ɗari su ma sun fi daɗewa.

Sannan ɓera ba mutum ba ne. Hanjinsa ba ya tsotsar irin wannan sinadari kamar namu, shi ya sa akan ɗura masa adadin da ba mai samu daga kwanon miya. An taɓa shan kunya da ɗan'uwan laikofin na cikin karas. Ya yi kyau a gwaje-gwajen farko, amma da aka gwada shi a wani bincike da ya ƙunshi mashaya taba sama da 29,000 a Finlan, sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari ga masu shan ƙwayar. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma, da ta auna hujjojin laikofin, ta bayyana a 2007 cewa ba ta ga gamsasshiyar shaida cewa yana hana ciwon daji ba.

Laikofin ba ya narkewa a ruwa, sai a mai, kuma zafi na fasa jikin tumatir ya sake shi. Don haka jiki ya fi samunsa daga jar miyar da uwargida ta soya da man gyaɗa fiye da ɗanyen tumatirin da aka yanka a kan kwaɗo. Wanda likita ya ce yana da ƙari kuwa, ya ci miyarsa, amma kada ya fasa komawa asibiti.