Taki Kafin Ruwa: Bazara a Wani Ƙauyen Tsanyawa

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina a tsakiyar bazara, da ya wuce Bichi ya doshi Tsanyawa zai ga gonaki a share fes, babu ko tsinke, sai ƙananan tsibi baƙaƙe a jere cikin farin rairayi. Taki ne. A wata gonar ba ka taku biyar ba ka ci karo da tsibi ba, a ta kusa da ita kuwa da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga su. Ƙasar iri ɗaya ce, ruwan da zai sauka a nan shi zai sauka a can. Wannan bambancin ne ya sa na bar titi na hau babur zuwa wani ƙauye da ke can ciki wajen iyakar Katsina, in ji abin da ke sa wata gona ta samu wata ta rasa.

Mai unguwa ya karɓe ni a soro, aka kawo ruwa da fura, ya haɗa ni da ƙanensa ya zaga da ni.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne babu daji. Daga bayan gidan ƙarshe har zuwa gidan farko na ƙauye na gaba, gona ce ke bin gona, sai 'yar siririyar hanyar ƙafa a tsakani. A ƙidayar 2006 an samu mutum 157,680 a ƙaramar hukumar Tsanyawa, a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 492, wato sama da mutum 300 a kowane murabba'i guda. Jariran da aka ƙirga a goye a wancan lokacin yau sun isa aure, kuma kowane namiji a cikinsu yana neman inda zai sa fartanya. Don haka ba a barin gona ta huta. Ƙanen mai unguwa ya ce shi bai taɓa ganin saura da idonsa a garin nan ba, a bakin kakansa ya ji cewa da ana barin gona shekara biyu ko uku ciyawa ta rufe ta.

Irin wannan noma ya daɗe yana ba masana mamaki. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga shekarun 1960 yana bin gonakin da ke kewaye da Kano, yana neman sanin yadda ƙasar da ake nomawa kowace damina ba ta mutu ba. Ya ga jakuna suna shiga birni da itace, suna fitowa da mangala cike da shara da toka. To amma wannan gata ne na ƙauyukan da jaki ke iya zuwa birni ya dawo a yini. Tsanyawa ta yi nisa da jujin Kano. Duk takin gargajiyar da za a zuba a nan, a cikin gida ake haɗa shi.

Ƙanen mai unguwa ya kai ni bayan gidansu na gani. Duk abin da aka share daga turken awaki da garken shanun huɗa nan ake zubawa, da tokar murhu, da ƙaiƙayi, da ragowar karan da dabbobi suka tattake, da kashin kaji. Tun damina ake tarawa, lokacin da dole a ɗaure kowace dabba a turke don kada ta shiga shukar mutane. Ya sa hannu ya yaye saman, ƙasan ya yi baƙi ƙirin, yana da ɗumi, yana ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka. Yara biyu na tsugune suna tsince leda daga ciki, farare da baƙaƙe, har da ta ruwan sha. Ya ce in aka bar ta, ita ce ke naɗe saiwar gero, kuma akuya in ta haɗiye ta sai dai a yanka.

Tsarin da ke tsakanin maigida da matansa a kan wannan juji ya burge ni. Yawancin awaki da tumakin gidan na mata ne, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na adashe da na gudummawar biki suka saya. Maigida shi ke kawo harawar wake da ta gyaɗa daga gona, ya ɗora a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya, a riƙa ciro musu kaɗan-kaɗan har rani ya fita. Kashin kuwa nasa ne. Babu wanda ya rubuta wannan, babu kuma wanda ke musu a kai. Gero da dawa su ciyar da mutane, wake da gyaɗa da ake shukawa a tsakaninsu su ciyar da dabbobi su kuma gyara ƙasa, dabbobi su mayar wa gona abin da aka ɗebo. Gawo ma yana da nasa aikin: da damina ya zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani ya yi kore ya zubo wa awaki 'ya'ya, shi ya sa geron gindinsa ya fi na ko'ina tsayi, shi ya sa kuma ba a sa masa gatari sai an rasa yadda za a yi.

A da akwai wata hanyar. Bayan girbi Fulani kan sauka da shanu a gonar mutum su yi kwanaki, su ci kara, su bar kashi, mai gona ya ba su damin gero. Yanzu kafin makiyayi ya iso an kwashe karan tas, don shi ma kuɗi ne, burtali kuma ya tsuke har ya kusa zama hanyar babur.

Takin zamani fa? Ƙanen mai unguwa ya yi dariya. A 2017, lokacin shirin takin gwamnatin tarayya, an tsayar da buhun kamfa a kan naira 5,500. Yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya ɗaga farashi a duniya baki ɗaya, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin dako, yau buhu ya ninka wancan farashin sau da yawa. Ana yin yuriya a cikin ƙasar nan, a kamfanin Dangote da ke Lekki da na Indorama da ke Eleme, amma daga can bakin teku sai ta hau tirela ta keta ƙasar kafin ta iso. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, mutanen birni suka ji sanyi, taki kuwa bai sauko da shi ba. Mafi yawan mutanen ƙauyen nan a kwano suke saye ranar kasuwa, su riƙa ɗiba da yatsu uku suna sawa a gindin kowace shuka su rufe da ƙafa. Ya ce ko da a ce yana da kuɗin buhu goma ba zai bar na gida ba: na zamani shuka yake ciyarwa shekara guda, na gida ƙasa yake ciyarwa, ana cin moriyarsa har shekara ta zagayo ta sake zagayowa. In ka ga ƙuduji ya yi ja a gona, in ji shi, kada ka tambayi mai ita yadda gidansa yake, ka riga ka sani.

Daga nan na roƙe shi ya kai ni wurin mai wata gonar ƙauyen da na ga tsibinta ba su fi biyar ba. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce ta wata tsohuwa ce da ɗanta, bari ya yi mana sallama.

Mun same ta a inuwar darbejiya a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Na tsuguna na gaishe ta, na ce, "Inna, taki na zo tambaya." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, daga birni ka taso don kashin akuya?" Da ta gama dariya sai ta gyara zama.

Ta ce awakinta takwas ne a da, da tunkiya guda. Gonar da nake magana a kai rabon ɗanta ce daga gandun mahaifinsa, wanda aka raba wa maza huɗu da mata uku bayan rasuwarsa. Ƙarama ce, amma awaki takwas suna rufe ta da taki, geron da ake samu yana kai su har a yi shuka. Wata damina, cikin dare, naƙuda ta kama matar ɗan nata. Aka kwana aka wuni abu ya ƙi. Ruwa ya cika kwarin da ke tsakaninsu da titi, babu motar da za ta shigo, babur kuma ba ya ɗaukar mace a wannan hali. A amalanke aka shimfiɗa ta, shanu na ja, maza na turawa cikin laka, ita Inna tana riƙe da kanta. Da suka isa asibiti aka ce sai tiyata, sai jini, sai magani daga waje.

"Ranar kasuwa na kora huɗu," in ji ta. "Dillali yana ganin fuskarka ya san abin da ya kawo ka. Abin da ya taya shi na karɓa. Sati na zagayowa na kai uku da tunkiyar. Guda ɗaya na bari, ita ma ba ta ga kaka ba."

Na tambaye ta mai jegon. Ta ce alhamdu lillahi, tana ciki tana daka, yaron ma ga shi can. Ta nuna wani ɗan yaro da ke jan gwangwani da zare. "Ban yi da-na-sani ba ko na rana ɗaya. Amma ɗan nan, asibiti wata guda muka yi, gona kuwa har yau ba ta warke ba."

Bazarar da ta biyo baya babu abin da aka kai gona sai toka da shara. Geron ya fito siriri, zangarniya gajeru, rumbu ya ƙare tun ana sanyi. Ɗan nata, da bai taɓa wuce Kano ba, ya bi abokansa cin rani Legas, yana dako a wajen Agege. Abin da yake turowa ta hannun mai POS na bakin titi awo ake yi da shi, ba ya isa a sayi dabba. Yakan dawo in an yi ruwan shuka, bana dai ya ce sai ya ga yadda hali ya yi. Ita kuwa wata ƙanwarta da ke aure a wani ƙauye ta ba ta akuya kiwo, a kan in ta haihu su raba 'ya'yan, kashin na mai kiwo ne. Yanzu uku ne a turken. Tsibin nan biyar da na gani, da kwando ta kai su da kanta, ita da jikokinta, saboda mai amalanke ba ya ɗauka kyauta.

Na daɗe ina jin ana cewa maganin noman Arewa tarakta ce. Wataƙila haka ne a inda gona ke da faɗi. A gonar Inna tarakta ba ta da inda za ta juya. Abin da ya karya gidan nan kwari ne da babu kwalbati a kansa, da ciwon dare ɗaya da babu wata ajiya da za a tare shi da ita sai dabba. Akuya a nan ita ce asusu, ita ce kuɗin magani, ita ce taki, kuma in aka taɓa ɗaya an taɓa duka.

Wani sabon abu ya ƙaru a kan wannan. Daga ƙarshen 2025 aka fara samun 'yan bindiga suna tsallakowa daga ɓangaren Katsina zuwa wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kora dabbobi suna ɗaukar mutane, har aka kawo jami'an tsaro. Ba su shigo wannan ƙauyen ba, amma ƙanen mai unguwa ya ce akwai masu shanun huɗa da suka sayar, wasu suka kai ajiya wurin 'yan'uwa kusa da titi. Wanda ya kai sansa ajiya, a can kashin zai zuba.

Samarin da na tarar a teburin mai shayi da yamma ba su da dogon buri, amma kowa da lissafinsa. Ɗaya yana son ya kama fili haya a wajen madatsar Watari da ke Bagwai ya yi noman rani, mahaifinsa ya ce kuɗin man injin ban-ruwa zai cinye ribar. Wani ya ce shi wake ya sa a gaba: yana zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsa, ya ajiye har farashi ya tashi a kasuwar Dawanau. Na uku raguna biyu yake turkawa don Babbar Sallah, ya ce ko bai ci riba a kan ragon ba, ya ci a juji. Wanda ya gama sakandare a cikinsu shi ke riƙe da wayar da ake tura kuɗi, shi ne kuma ya kawo shawarar da suke ta gardama a kai: su haɗa kuɗi su shida, su sayi mota guda ta kashin kaji daga gidajen gonar da ke kusa da Kano, su raba da mangala.

Dattawa sun ce kashin kaji yana da zafi, in bai kwana biyu ya huce ba ƙone shuka yake yi. Samarin sun ce sun sani, shi ya sa suke so ya iso da wuri. Biyar sun biya, na shidan yana jiran yayansa ya turo daga Fatakwal. Direban da suka yi magana da shi ya ce sai bayan kasuwa mai zuwa, kuma in ruwan fari ya riga shi sauka, ba zai sa motarsa a kwarin nan ba, a bakin titi zai juye musu, su san yadda za su yi da shi.