3.4 Tasirin Jaki da Maɗauri a kan Amon Kayan Kiɗa Masu Tsirkiya

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da amon kirki. Idan aka ɗaure ta tsakanin turaku biyu aka kaɗa, da ƙyar za a ji sautinta, domin siririya ce, iskar da take motsawa kaɗan ce. Abin da ke ɗaukar karkarwarta ya miƙa wa fatar da aka rufe ƙwarya da ita, shi ne ɗan guntun icen nan da makaɗa ke kira jaki. Sunan ya dace da shi, saboda shi ne ke ɗauke da nauyin tsirkiya.

Bisa rabe-raben kayan kiɗa da Hornbostel da Sachs suka yi a shekarar 1914, goge da kukuma da garaya da molo da jita suna rukuni ɗaya, wato masu tsirkiya. Don haka kwatanta su da juna ba zai zama kuskure ba.

A jikin jita, tsirkiya tana dafe da wurare biyu: jakin da ke bisa allon gaba, da kuma matashin da ke can ƙarshen wuya. Masu ƙera ta sukan yi su da ƙashi ko roba ko tagulla. A da har da hauren giwa, kafin a haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a shekarar 1989. Ƙashi yana da tauri, ba shi da nauyi sosai, saboda haka yakan bar siraran sautuka su wuce, amo ya fito tangaran, ya kuma daɗe yana tashi. Roba mai laushi kuwa shanye karkarwar take yi, sai amon ya dushe. Nauyi ma yana da nasa tasiri, domin jaki mai nauyi yakan danne allo ya rage ƙara. Sai dai shi matashin wuya, tasirinsa bai kai yadda ake zuzuta shi ba, don da zarar makaɗi ya danne tsirkiya a kan ƙarafunan wuya, matashin ya fita daga lissafi.

Idan aka dawo ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, za a ga cewa goge da garaya ba su da wannan matashi ko kaɗan. Ɗaure tsirkiya ake yi a jikin sanda da igiyar fata, a garaya kuma akan matsa ta sama ko ƙasa don a daidaita murya. Fata kuwa laushi gare ta, tana cinye wani ɓangare na sautin. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa amon garaya yake yankewa da wuri, abin da ya dace da kiɗa mai saurin bugu irin na maharba da 'yan bori.

Haka kuma jakin goge a kan fatar guza ko damo yake zaune, ba a kan katako ba. Fata tana saki da damina, ta ɗame da hunturu, shi ya sa makaɗi kan shanya gogensa a rana ko ya gasa shi kusa da wuta kafin wasa. Gusar da jaki kaɗan daga tsakiyar fata zuwa gefe yana sauya amo.

Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, misali ne mai kyau: gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, ƙanƙantarsa da taurinsa su ne suka ba shi wannan siririn amo mai kaifi.