Me Ke Hana Ƙunshin Manhaja Shiga Rumbu?

'Yan uwa ɗalibai, mu da muke koyon rubuta manhaja mun san Docker, wanda ya fito a 2013. Da shi muke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, kamar kaya a kwantena. Sai mu tura ƙunshin zuwa rumbu a intanet, irin su Docker Hub, da umarnin docker push, domin malami ko abokin aiki ya sauke. Wani lokaci sai ya ƙi tafiya, ga data na ƙarewa, ga ranar miƙa aiki ta matso. Kafin mu zargi kwamfuta, mu karanta saƙon da ta nuna.

In muka ga kalmar "denied", rumbun bai ba mu izini ba. Mu shiga asusunmu da docker login. In har yanzu ya ƙi, mu duba sunan ƙunshin: sai ya fara da sunan asusunmu kafin sunan manhajar. Da docker tag ake gyara wannan.

In aka ce babu ƙunshi mai wannan suna, wataƙila mun yi kuskuren rubutu. Umarnin docker images zai jero sunayen da ke kwamfutarmu.

In sabis ne ya yanke, kada hankalinmu ya tashi. Ƙunshin hawa-hawa ne, kuma duk hawan da ya isa ba a sake tura shi. Mu maimaita umarnin kawai.

A ƙarshe, kada mu bar kalmar sirri cikin ƙunshi, domin kowa na iya sauke abin da ke buɗaɗɗen rumbu.